Yadda muka haɗa albam ɗin rok da Hausa a ƙarƙashin matakalar benen kawuna

Tunda albam ɗinmu ya fito mutane ke ta tambayata wai a wane situdiyo muka yi, wasu ma har rantsuwa suke cewa Legas ne ko Abuja, to bari yau in zauna in ba da labarin tun daga tushe. Gaskiyar magana a nan Kaduna muka yi, cikin wani bene da ba a gama ginawa ba a Malali, kuma sai da muka kwashe wata bakwai muna abu ɗaya, daga Janairu zuwa Yulin 2024.

Mu huɗu ne. Ni nake kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, sai mai jita, sai mawaƙinmu wanda shi ma yake riƙe jita ta biyu, sai mai ganga. Mu ukun 'yan arewacin gari ne, Tudun Wada da Unguwar Rimi, shi kuma mai gangar daga Sabon Tasha yake, a coci ya koyi kiɗa tun yana ƙaramin yaro, kuma duk wanda ya san Kaduna ya san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya riƙa tsallako gada sau biyu a sati da yamma don kawai a yi rihazal ya koma cikin dare. Kiɗan da muke yi rok ne mai nauyi, irin wanda jita ke gurnani ganga kuma tana dukan ƙirji, amma waƙar da Hausa ce zalla. Shekara biyu muna yi a garejin gidan su mai jita kafin muka tara waƙa tara da muka yarda sun nuna.

Farkon abin da muka yi shi ne zagayen situdiyo, kuma nan ne jikinmu ya fara sanyi. Duk inda muka shiga sai mu tarar da ɗan ɗaki, kwamfuta, fiyano, makirfo ɗaya da wani ɗan akurki na rera waƙa, shikenan. Kuma ba laifinsu ba ne fa, aikin da ake kawo musu ke nan, kiɗan nanaye da na siyasa da na biki duk a fiyano ake haɗa shi kuma sun ƙware a kai. Amma mu ganguna muke so a ɗauka na gaske, mutum ya zauna ya daka da sanda, kuma wannan yana buƙatar makirfo aƙalla shida da ɗaki mai faɗi. Wani ya ce mana mai gangarmu ya kaɗa ya ji, shi zai kwaikwaya masa a kwamfuta babu wanda zai gane. Muna fitowa mai gangar bai ce uffan ba har muka kai titi, sannan ya ce in haka za a yi to ba sai an sa sunansa a albam ɗin ba. Ya yi gaskiya.

Mai jitarmu ne ya kawo maganar bene. Ya taɓa karantawa cewa a 1971 'yan ƙungiyar rok ta Led Zeppelin sun ɗauki kiɗan mai gangarsu John Bonham a ƙasan matakala cikin wani tsohon gida a Ingila da ake kira Headley Grange, makirfo biyu kawai aka rataye a sama, kuma har gobe masu harkar nan suna maganar ƙarfin sautin gangar nan. Yana faɗa na tuna da benen kawuna na Malali, an yi rufi an yi filasta an sa tagogi amma kuɗi sun tsaya ba a sa tayil ba, kuma matakalarsa a buɗe take tun daga falo har hawa na biyu. Washegari muka je na tsaya a ƙasan matakalar na tafa hannu sau ɗaya, sautin ya hau sama ya dawo a cike, bai yi tsawo da yawa ba bai kuma mutu nan take ba, muka kalli juna.

Na yi kwana uku ina juya yadda zan tunkari kawu da maganar. Da na je na durƙusa na gaishe shi na yi bayani, ya yi shiru yana kallona sannan ya ce, "Irin kiɗan su Ofege kake nufi?" Wallahi ban taɓa zaton kalmar nan za ta fito daga bakinsa ba. Ashe a shekarun 1970 yana saurayi ya zauna Legas, yana da faifan garmaho na Ofege da na BLO, har yake gaya min su Ofege ɗin 'yan makarantar sakandare ne lokacin da suka fara. Ya ce, "Ɗana, na ba ku, amma da sharaɗi. Da an kira salla ku tsaya, bayan Isha'i kar in ji ko ƙwas, kuma kar wani ya shigar min da kayan maye gida." Na ce, "In sha Allahu Kawu." Ya ɗauko mukulli ya ba ni.

Kayan aiki karo-karo muka yi. Na sayi tsohuwar Behringer UMC1820 mai ƙofa takwas hannun wani, wato na'urar da ake jona makirfo ta shigar da sauti kwamfuta, na sa manhajar ɗaukar sauti ta Reaper a kwamfutata, lasisinsa dala 60 ne kuma na biya don ba na son a ce aikin da muka sha wahala a kai da manhajar sata aka yi shi. Makirfo kuwa aro ne kusan duka, Shure SM57 guda biyu ne kawai namu. Fatun ganga sabbi da wayoyin jita sai daga kasuwar Alaba ta Legas muka aika aka sako mana a mota. Su kansu gangunan na cocin su mai gangarmu ne, aka ba mu aro bisa sharaɗin duk ranar Asabar da yamma su koma saboda ibadar Lahadi, Litinin da safe mu sake ɗaukowa. Wato sati uku muna lodin ganguna a keke napep daga Malali zuwa Sabon Tasha da dawowa, kuma don kar sauti ya canja daga sati zuwa sati sai muka samu alli muka zane siminti, ƙafar kowace ganga da ƙafar kowane sandar makirfo akwai da'irarta, muka kuma ɗauki hoto ta kowane ɓangare.

Ranar farko ba mu ɗauki komai ba. Muna kunna kaya sai wani gurnani ya cika hedifon, mmmm ba ƙaƙƙautawa, in ka taɓa wayar jita ya ragu in ka saki ya dawo, mai jita ma da leɓensa ya taɓa makirfo sai da wuta ta ɗan ja shi. Muka canja kebur muka canja soket muka matsar da janareto can bayan katanga, duk a banza. Sai da na kira mai gyaran wutar unguwarmu, yana zuwa ya duba ya ce, "Oga ai gidan nan babu at ko kaɗan, wato wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa, Allah ne ya tsare ku." Ya sa muka sayo sandar jan ƙarfe, ya haƙa rami a bayan gida ya kafa ta ya zuba gishiri da gawayi ya kwarara ruwa, ya jawo waya daga nan zuwa inda muke jona kaya. Muka sake kunnawa, tsit. Duk wanda zai yi irin wannan aikin ina roƙonsa ya fara da wannan kafin komai, ba don sauti kawai ba, rai ne.

Ƙofa takwas ɗin ga yadda muka raba su. Ɗaya a cikin babbar gangar ƙafa, muka cusa mata filo, ɗaya a kan siniya, wato ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti, biyu a saman kan mai ganga, biyu can a kan matakala wajen hawa na biyu, sai bes ɗina da ya shiga kai tsaye ta waya, sai jita ɗaya ita ma ta waya don jagora kawai. Biyun da ke saman kansa da igiya muka auna su, daga tsakiyar siniya zuwa kowanne tsawon ya zo daidai, don in ɗaya ya fi ɗaya nisa sautin ba ya isa lokaci guda sai ka ji gangar ta rame kamar an tsotse ta. Babu ƙofar da ta rage wa murya, kuma ko da akwai ba zai yiwu ya rera ba tunda makirfon matakala zai kwashe muryar, don haka mawaƙinmu sai ya tsaya gaban mai ganga yana motsa baki babu sauti yana ɗaga hannu in an zo amshi. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa a tsaye cikin rigar sanyi, ƙurar hunturu na shigowa ta taga, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar yana ihu alhali ko tari bai yi ba.

Lokacinmu ƙalilan ne. Daga tara na safe zuwa Azahar, sai ɗan tsakanin Azahar da La'asar, don bayan La'asar yaran Islamiyyar da ke bayan gidan suna fara karatu kuma makirfon sama har numfashinsu yake ɗauka. Ga mai, tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600, kowane ɗauka da aka ɓata kana jin janareto na shan kuɗinka.

Rigimarmu ta farko a kan kilik ce, wato ɗan ƙararrawar nan da ke bugawa a kunne don kiɗa ya tafi da gudu ɗaya. Ni na dage sai da shi saboda na san zai sauƙaƙa min gyara a kwamfuta. Shi kuwa mai gangarmu duk rayuwarsa mutane yake bi, in mawaƙa suka ɗauki zafi ya ɗauka da su in suka sauka ya sauka, da muka ɗaura masa kilik sai ya zama kamar an ɗaure masa hannu, yana kaɗawa daidai amma babu rai. Kwana biyu muna fama. A rana ta uku mai jita ya ce don Allah a gwada sau ɗaya babu shi, muka gwada, muka zauna a kan bulo muka saurari biyun a jere, babu wanda ya yi musu. Wanda babu kilik yana ɗan ƙara gudu in an shiga amshi, kuma wannan ƙarin gudun shi ne yake sa tsigar jiki tashi. Na sauka daga ra'ayina a take. Waƙa bakwai muka ɗauka haka, biyu ne kawai masu tafiyar hawainiya muka bar musu kilik. Abin da hakan ya jawo shi ne babu yanke nan a liƙa can, in mutum ɗaya ya yi kuskure a minti na huɗu sai a koma farko, akwai waƙar da sai a karo na goma sha huɗu muka same ta, kuma da ya buga bugun ƙarshe duk muka daskare har sai da amon farantan ya mutu a saman bene sannan muka saki numfashi.

Jita ta ci mana Fabrairu. Hunturu ba ya raga wa katako, wuyan jitar ya bushe ya ɗan lanƙwashe, ƙarafunan jikinsa suka fara tsinin gefe suna yankar hannu, ka saita ta yanzu kafin ka gama waƙa ɗaya ta sauka. Sai da muka riƙa kwantar da ita cikin akwatinta da ɗan soso mai laima a leda mai huji. Ampilifaya ƙarama ce, muka sa ta a wani ɗaki na sama muka ɗora SM57 dab da sifika, ba a tsakiya cif ba, ɗan gefe, don tsakiyar tana da kaifi mai huda kunne. Kowace waƙa sau biyu ya kaɗa ta daga farko har ƙarshe, ɗaya a tura kunnen hagu ɗaya dama, shi ne yake ba da faɗin nan kamar bango. Kuma wani abu da muka koya da wahala, gurnanin da ke da daɗi a ɗakin rihazal in aka ɗauka sai ya zama kamar ƙudan zuma a gwangwani, sai da muka rage shi kusan rabi sannan jitar ta yi nauyi. Bes ɗina kwana biyu na gyara wuraren da na kauce, ba wani labari a nan.

Inda aikin ya juya gaba ɗaya shi ne murya, kuma shi ne abin da na fi so mutane su ji.

Mun fara ɗaukar murya farkon Maris a ɗakina, muka jingina katifu biyu a kusurwa muka rataya barguna. Mun gama waƙa uku muna ta murna. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya, yana rubuta waƙoƙi irin na da masu ƙafiya da ma'auni, tun ina yaro nake gaishe shi a ƙofar gida. Ran nan ya ce yana jin hayaniya daga ɗakina me muke yi, na ɗauko waya da hedifon na sa masa cikin ɗari-ɗari don na ɗauka kiɗan ne zai dame shi. Bai ce komai a kan kiɗan ba. Ya saurara har ƙarshe ya ce in mayar baya, ya sake ji, sannan ya cire hedifon ya ce in kira masa mai waƙar. Da ya zo ya tsuguna ya gaishe shi, Malam ya ce, "Ɗana, wurin nan da ka ce dare ya yi sai kuka, kukan ido kake nufi ko kukar miya?" Mawaƙinmu ya ce, "Kukan ido Malam." Ya ce, "To ba shi ka faɗa ba. Ka ɗaga ku ka sauke ka, wannan bishiya ce." Ya ci gaba, ya nuna masa inda ya ja ga ɗin gari saboda kiɗan ya buƙaci tsawo a wurin, garin da mutane ke zaune ya koma garin tuwo. A waƙa uku ya fitar mana da wuri goma sha ɗaya.

Abin da ya faru shi ne mun tashi muna jin wannan kiɗan da Turanci, kuma Turanci bai damu ba ko ka ɗaga gaɓa ko ka sauke ta ma'ana tana nan, sai muka gina karin waƙoƙinmu a kan jita tukuna sannan muka zo muka tura Hausa ciki da ƙarfi. Ita kuwa Hausa da karinta take zuwa, kowace kalma da hawanta da saukarta da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa kalangu yake iya magana har a gane. Malam ya ce makaɗanmu na gargajiya ba sa wannan kuskuren saboda maganar ce take jan kiɗan. Shekara biyu muna rera waƙoƙin nan a gareji cikin ƙara babu wanda ya lura, mu da muka sha Hausa a nono.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, dama mun shirya tsayawa, sai watan ya zama na gyara. Bayan Tarawihi mu zauna a tabarmar ƙofar gidan Malam da littafi, babu jita babu komai, ya sa mawaƙinmu ya faɗi baiti da baki kamar yana hira, sannan ya faɗa a hankali, sannan ya fara jan sa har ya zama waƙa ba tare da ya karya karin maganar ba. Inda kalma ta ƙi zama a canja ta, inda kalmar ba ta canjuwa a canja karin. Waƙa biyu sai da muka koma Malali bayan Salla muka sake ɗaukar wani yanki na jita don ya bi sabuwar muryar. Mai gangarmu ma yana zuwa wasu dararen ya zauna ya saurara, shi ne ma ya lura cewa in aka bi nauyin gaɓoɓin sai waƙar ta riƙa faɗawa kan bugun siniya da kanta. Kuma wallahi waƙoƙin sun fi da nauyi, nesa ba kusa ba, don yanzu in mawaƙinmu ya daka tsawa kalmar ce take fitowa da ƙarfinta.

Muryar gaske a Afrilu muka ɗauka, cikin zafin nan, fanka a kashe saboda ƙara, daga sha ɗaya na dare lokacin da janaretocin maƙwabta suka yi shiru. Mawaƙinmu yana shiga tsakanin katifun nan minti goma ya fito kamar an tsamo shi daga rijiya. Haruffan ƙ da ts suna harbin makirfo kamar tsakuwa, sai muka lanƙwasa hangar kaya muka saka mata safa muka tsayar a gaban bakinsa, ya kuma riƙa ɗan kauda kai in zai faɗe su. Baiti biyu uku a dare, in murya ta fara dishewa a tsaya, ruwan ɗumi da zuma da citta.

Miksin kuma, wato haɗa sautukan da aka ɗauka a daidaita su, mun fara kai wa wani a gari, muka biya rabin kuɗi, bayan sati ya turo waƙa biyu. Ina sawa na ji gabana ya faɗi. Ya cire gangunanmu ya maye su da na kwamfuta, makirfon matakala ya kashe su gaba ɗaya wai suna da datti, ya zuba wa murya Auto-Tune, manhajar nan mai gyara karin murya, har ta koma irin ta kowa, jita kuma ya tura ta can baya kamar rediyon maƙwabta. Mun yi magana ta fahimta, ya ce shi haka ya san ana yi kuma haka kasuwa take so, muka karɓi fayilolinmu muka bar masa abin da muka biya. Ta hanyar mai gangarmu muka samu wani dattijon injiniya a Jos wanda ya daɗe yana ɗaukar kiɗan coci kai tsaye, muka hau mota ni da mai jita muka kwana huɗu a can. Abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga makirfon matakala su kaɗai ya saurara, ya juyo ya ce wa ya ba ku wannan ɗakin. A kansu ya gina komai. Ya rage wa jita wani yanki na tsakiya inda take cin karo da murya don kalmomi su fito, tunda mun gaya masa duk wahalar da aka sha a kansu. Bes kuwa ya sa masa ɗan gurnani kaɗan, ya ce yawancin masu jinku a sifikar waya za su ji, kuma waya ba ta fitar da can ƙasa, in babu wannan ba za a san kana wurin ba. Duk waƙar da ya gama sai mu ji ta a situdiyo, mu ji a waya, mu ji a motarsa, mu ji a 'yar sifikar bulutut ta mai shayin bakin layi. Wajen mastarin, wato gyaran ƙarshe kafin a saki waƙa, mun so a ƙure ƙara, ya ce Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, in ka matse taka don ta fi ta kowa ƙara za a sauke ta ne kawai ka tashi ka yi asarar bugun gangar a banza. Muka bi shawararsa.

Kafin sakin mun zauna mu huɗu muka rubuta a takarda cewa kowace waƙa kashi huɗu ce daidai, kowa ya sa hannu, kawu da wani dattijon cocin su mai ganga suka yi shaida. Mun so mu sa wa Malam kaso ya ƙi, da kyar ya yarda a rubuta godiya gare shi a jikin albam. Sai maganar kamfanin da zai rarraba waƙoƙin a intanet, da dala ake biya, dala kuma ta riga ta haura naira 1,500 tun Fabrairu, ga katin banki na naira ba ya wucewa a waje a lokacin, sai wani ɗan'uwan mai jita da ke karatu a Malesiya ne ya biya muka tura masa naira. Ana buƙatar fayil na WAV, wato na sauti wanda ba a matse ba, hoton bango mai faɗin 3000 da tsawon 3000, kowace waƙa a ba ta lambar shaidarta da ake kira ISRC. Hoton matakalar muka sa, da da'irorin allin nan a ƙasa. Na zauna na bi sunayen waƙoƙin harafi harafi don ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu. Muka ɗora waƙoƙin sati huɗu kafin ranar fitowarsu, muka miƙa waƙa ɗaya ga masu zaɓen Spotify tunda suna so a ba su aƙalla kwana bakwai, muka sa ranar Juma'a kamar yadda ake yi ko'ina tun 2015.

Daren Alhamis muna tare a garejin da muka fara, sha biyu na bugawa muka ga ya hau Audiomack da Boomplay da Spotify da YouTube. Babu wanda ya yi ihu, mai ganga ya sa hedifon ya juya mana baya ya ji shi daga farko har ƙarshe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a intanet tafiyar a hankali take, kuma tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai saurare dubu ɗaya cikin shekara ba Spotify ba ya biyan komai a kanta, don haka ba mu sa ran kuɗi daga can ba. Inda abin ya motsa shi ne hannu da hannu. Dama muna da misali a gabanmu, Mdou Moctar na Nijar a Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko a 2008, kuma ta waya zuwa waya da katin memori waƙoƙinsa suka bazu kafin duniya ta san shi. Sai muka ɗauki fayilolin MP3 muka rubuta sunayenmu a jikinsu yadda ba za su ɓace ba, muka bi masu tura waƙa a waya na kasuwar Barci da Kawo da Sabon Tasha muka ba su kyauta. Wasu suka ce wannan hayaniyar wa zai saya, wasu suka karɓa. Bayan kamar sati uku ina cikin keke napep wajen Kawo na ji gangar matakalar kawuna tana fitowa daga wata 'yar sifika da aka ɗaure da roba, direban yana bin amshin da baki kalma da kalma, kuma kuka ɗin da ya faɗa na ido ne. Ban ce masa komai ba, na sauka na biya shi hannuna na rawa.

Malam na kai masa nasa a katin memori na sa masa a rediyonsa, bayan kwana biyu ya aiko jikansa ya kira ni ya ce akwai wuri ɗaya a waƙa ta bakwai da ya wuce mu duka har da shi, an ja wasalin da bai kamata a ja ba. Na koma na saurara, haka ne. Ba za mu iya cire shi daga albam ba yanzu amma a wasa na zahiri mun gyara.

Benen Malali kuma kawu ya samu kuɗi ya ƙarasa, an sa tayil an sa silin har 'yan haya sun tare. Na je kai masa mukulli na tsaya a ƙasan matakalar na tafa, sautin ya zama wani iri mai kaifi, ba na da ba ne. Muna da sabbin waƙoƙi biyar a ƙasa, wannan karon daga baiti muka fara kafin jita, kuma muna neman wani wurin. In akwai wanda ya san bene ko sito ko tsohon ɗakin taro a cikin Kaduna mai rufi mai tsawo wanda ba a sa wa tayil ba, kuma maƙwabta za su iya haƙuri da mu daga tara na safe zuwa Azahar na kamar sati uku, don Allah ya yi min magana.